Ranar da Yaya Ta Hau Benen Majalisa

Shekara goma sha tara na yi ina tsaron ƙofar benen baƙi a majalisa, kuma a duk tsawon shekarun nan ko alƙalami bai taɓa wuce ni ba. Benen nan shi ne inda ake barin jama'ar gari su zauna su leƙa ƙasa, su ga yadda wakilansu ke yi musu doka. Kujeru sittin da huɗu ne a jeri huɗu, da ƙarfen kariya a gaba don kada wani ya faɗo kan masu girma. Dokokin wurin suna manne a bango cikin gilashi, amma ni ba na bukatar dubawa. Ba a magana. Ba a tafi. Ba a rubutu, ba a ɗaukar hoto, ba a tauna komai, ba a jingina da ƙarfe, ba a nuna ɗan majalisa da yatsa ko da kuwa kai ka zaɓe shi. Yawan faɗin haka ya sa abokan aiki suka laƙa mini Ba-a-yi, har sunan ya bi ni gida. In gaya muku gaskiya, daɗinsa nake ji.

Yaya ce kaɗai ba ta kirana da shi. Auta take ce mini har yau, ga furfura ta gama cinye mini gemu. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta riƙa ja na zuwa makaranta ina kuka ina tirjewa, don haka duk girman rigar aikina a wurinta yaron nan ne mai majina.

Mijinta direban jirgin ƙasa ne. Shekara bakwai da suka wuce jirginsa na safe ya kauce daga layi a wata gangara kafin gada, mutum arba'in da ɗaya suka rasu, har da shi. Tun ba a gama kwashe gawarwaki ba hukumar jiragen ta ba da sanarwa cewa barci ne ya kwashe direba. Mutumin da ko kyanwa ce ta taka kwano a tsakar gida sai ya farka. Yawancin mamatan 'yan unguwarsu ne, unguwar da ke bayan tasha, masu sammakon zuwa aiki. Daga ranar aka daina gaida Yaya. Ba wanda ya zage ta a gaban idonta, sai dai in ta shigo layi mata su ja bakinsu su yi shiru, yara kuma su ce ga matar mai barci. Ta daina bin hanyar tasha, in za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan makabarta, tafiyar da ta ninka biyu.

Sai da aka yi shekara biyar kafin majalisa ta kafa kwamitin bincike, shi ma kwamitin ya ci wasu biyun. Shugabansa wani tsoho ne siriri mai yawan tari, shi ya tono takardu uku a wani ofis, dukkansu ɗauke da sa hannun mijin Yaya, yana kukan cewa birkin jirgin nan ba ya ci. Ba barci ya yi ba. Ni na sani, Yaya ta sani, shugaban kwamiti ya sani. Amma dokar majalisa ta ce rahoto ba ya zama maganar majalisa sai an karanta shi a zaure daga farko har ƙarshe an amince da shi, kuma ba a buga wanda ba a kammala ba. Duk abin da bai samu haka ba har wa'adin majalisa ya ƙare, ya mutu ke nan, sai dai sabuwar majalisa ta sake daga farko in ta ga dama. Akwai waɗanda ba sa son a ji abin da ke cikin rahoton. Suka yi ta jan ƙafa, yau a ɗage, gobe a ɗage, har aka tura shi ranar zama na ƙarshe.

Shugaban kwamitin da kansa ya sa hannu a takardar shigar Yaya. Na je gidanta ana gobe za a yi, na zauna na karanto mata dokoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa ɗalibi bita.

"Na ji, Auta," in ji ta. "Ba magana, ba tafi, ba kuka. Numfashi fa, ana yi?"

"A hankali," na ce. Ta kai mini duka da mafici, muka yi dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta.

Doka ɗaya ce ban karanto mata ba, don ni kaina ban haɗa ta da ita ba sai da muka isa ƙofa. Yaya ba ta ji sosai. Wani zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne tun kafin hatsarin, abin ya yi ta ƙaruwa, har ɗanta ya samo mata wata 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a bayan kunne. In tana sanye da ita hira lafiya lau. In ta cire, ba abin da take ji sai irin rugugin babbar mota, kuma ba ta sanin ƙarfin muryarta. Za ta ɗauka raɗa take maka, alhali na gida na uku yana ji. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina.

Ta iso ƙarfe tara da rabi cikin tufafin da take ajiyewa a ƙasan akwati, har ƙanshin ajiya suke yi. A ƙofar ƙasa ake bincike, maza gefe mata gefe. Duk mai waya ko wani abu mai batir zai miƙa, a jefa a aljihun kabad, a ba shi lamba. Bara ne aka tsananta dokar, bayan wani ɗan jarida ya shigo da abin ɗaukar murya a kunnensa ya ce na taimakon ji ne. Mai binciken mata, wata doguwa mai sanyin hali da muka daɗe tare, ta ɗaga mayafin Yaya ta ga na'urar, sai ta juyo ta dube ni.

"Ba-a-yi, yayarka ce fa," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "In bar mata?"

A daidai lokacin shugabanmu yana tsaye taku uku daga wurin, yana gyara safar hannunsa. Mai Sanda muke ce masa, don shi ke ɗaukar sandar majalisa a kafaɗa ya shiga gaban Kakaki. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, kuma na tabbata da na roƙa zai ba ni, don ban taɓa roƙonsa komai ba. To amma wata guda kafin nan wani dattijo ya zo da irin na'urar, ya roƙe ni har da hawaye, na ce ba a yi. Washegari Mai Sanda ya tara ƙananan ma'aikata ya nuna ni, ya ce ga irin mutumin da yake so su zama. Yanzu ga biyu daga cikinsu nan a ƙofa sun zuba mini ido, suna jira su ga ko doka ta san 'yar uwa.

"Karɓi," na ce. "Ki ba ta lamba."

Yaya ta dube ni. Ba ta yi gardama ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"To yaya zan ji, Auta?"

"Akwai lasifika a sama, Yaya, da ƙarfi suke. In ma ba ki ji duka ba, ni zan gaya miki in an tashi."

Ta sa hannu ta ciro ta da kanta, ta goge ta da gefen mayafi, ta miƙa. Aka ba ta lamba ta ƙulle a bakin zane. Na riƙe mata hannu muka hau matakala talatin da shida, tana hutawa a kowace kwana.

Na zaunar da ita a jerin gaba, kujerar tsakiya, inda za ta ga kowa. Ni kuwa wurina bakin ƙofa ne, matakai huɗu sama da ita, kuma mai tsaro ba ya zama, ba ya barin ƙofa sai in akwai wanda zai fitar. Benen bai cika ba. Wasu ɗalibai ne da malaminsu, sai tsofaffi biyu da ke zuwa kullum don sanyin na'urar ɗakin, sai wani mai kwat da ban san abin da ya kawo shi ba.

Rahoton shi ne abu na goma sha ɗaya a jerin aikin ranar. Da mutanen kirki ne da kafin azahar an gama. Amma ranar ban kwana ce, kowa yana son a ji muryarsa. Wanda shekara huɗu ban taɓa ganin ya buɗe baki ba sai in zai yi hamma, ranar ya miƙe ya yi minti ashirin yana gode wa Kakaki, yana gode wa mataimakin Kakaki, yana gode wa matarsa. Aka tafi hutu, aka dawo, aka ci gaba da godiya. Wani ma har ya yi kuka, na gaskiya ko na ganin dama ban sani ba. Ni dai idona na kan babban agogon da ke saman kujerar Kakaki. Ƙarfe shida daidai ake kaɗa ƙararrawa, kuma a ranar ƙarshe ba a ƙara ko minti ɗaya.

Yaya ta zauna awa bakwai kamar an dasa ta. Hannayenta na kan cinya, ba ta jingina ba, ba ta yi tari ba. Duk wanda ya miƙe a ƙasa sai ta kafa wa bakinsa ido, ta karkata kai, in ya zauna ta koma kan na gaba. Lasifikan nan da na yi mata alkawari ba abin da suka yi mata. Lokaci-lokaci ta waiwayo ta dube ni, ni kuma in girgiza kai alamar tukuna.

Biyar da minti ashirin magatakarda ya kira abu na goma sha ɗaya. Tsohon nan shugaban kwamiti ya miƙe da takardunsa, ya yi tari, ya gyara tabarau. Na yi lissafi a zuci. Karatun ba zai wuce minti ashirin da biyar ba, tambayar amincewa minti biyu. Za a sha da ƙyar, amma za a sha.

Yaya ta gane shi, don sau biyu ya je gidanta. Ta matso bakin kujera. Ya karanta tarihin jirgin, ya karanta ranar da abin ya faru, ya karanta sunayen mamata ɗaya bayan ɗaya, zauren ya yi tsit yadda ban saba ji ba. Sannan ya juya shafi ya ce, "Game da direban jirgin kuwa, wanda matarsa ke tare da mu yau a bene…" Sai ya ɗago kai ya dubi sama, ya ɗan rusuna mata. Mutunci ya yi nufi, ban taɓa zarginsa ba. Kawuna ɗari da wani abu suka juyo gaba ɗaya suka kalli Yaya.

Ku sa kanku a matsayinta. Shekara bakwai tana jiran wannan magana, ga duk majalisa tana kallonta, ga bakin tsoho yana motsi, ita kuwa ba ta jin komai. Ta waiwayo, ta kare bakinta da tafin hannu yadda ake yi in za a yi raɗa.

"Auta! Me ya ce? Ya ce ba barci Baban yara ya yi ba?"

Zauren nan an gina shi ne don murya ta kai ko'ina. Har gilashin tagogi sai da ya amsa. Tsohon ya tsaya da baki buɗe. Na yi mata alama da hannu biyu, ta ɗauka ban ji ba ne, ta ƙara.

"Na ce ya faɗa?"

A jeri na uku ta hagu akwai wani ɗan majalisa mai ƙiba, wanda duk ɗagewar da aka yi wa rahoton nan da hannunsa a ciki. Da idona na ga ya fara duban agogo kafin ya miƙe. Biyar da talatin da biyar. Ya ce yana jawo hankalin Kakaki ga doka ta arba'in da bakwai: in aka ta da hayaniya a benen baƙi kuma wani ɗan majalisa ya yi ƙorafi, wajibi ne a fitar da baƙi duka, a dakatar da zama na rabin awa. Kakaki ya ce ai abin bai kai nan ba, dattijuwa ce. Mai ƙiba ya ce shi ma yana tausaya mata ƙwarai, amma dokar ba ta ce in Kakaki ya ga dama ba, cewa ta yi wajibi. Kakaki ya dubi magatakarda, magatakarda ya sunkuyar da kai ya gyaɗa. Tsohon yana ta ɗaga takardunsa yana cewa shafi biyu ne suka rage, shafi biyu kawai, tari ya sarƙe shi. Aka buga guduma.

Na san dokar nan fiye da mai ƙiba. Sau uku aka yi amfani da ita a zamanina, kuma duk ukun na yi alfahari da saurin da na kwashe mutane. Rabin awa daga biyar da talatin da biyar, shida da minti biyar ke nan.

Mai Sanda ya ɗauki sanda ya saɓa, Kakaki ya bi shi, 'yan majalisa suka miƙe tsaye. Mai Sanda ya ɗago ido sau ɗaya ya dube ni. Na buɗe ƙofa biyu, na ce, "Baƙi su fita," da muryar da na saba. Ɗalibai suka fita suna waiwayen Yaya. Mai kwat ya ja tsaki daidai kanta, ya faɗi wata magana da ba zan maimaita ba, ita kuwa ta yi masa murmushi ta ce sannu. Ta ga kowa ya miƙe, ta ga an fita da sanda, ta ga sun dube ta. A ganinta haka ake gamawa.

Na sauko matakai huɗun na kama hannunta. Doka ta ce wanda ya ta da hayaniya mai tsaro ne zai raka shi har waje, kuma a rubuta shi a littafin waɗanda ba za su sake hawa ba. Ni na rubuta daga baya, da hannuna.

A ƙasa mai binciken mata ta miƙo na'urar ba tare da ta karɓi lambar ba, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba. Yaya ta maƙala, ta ɗan murɗa, ta yi ajiyar zuciya. Muna tsaye a barandar waje ƙararrawar shida ta kaɗa.

"To gaya mini," in ji ta, yanzu da muryarta ta mutane. "An karanta?"

Idanunta sun ciko. Na duba hagu, na duba dama, babu wanda zai amsa a madadina.

"An karanta, Yaya."

"Duka? Har da birkin?"

"Har da birkin."

Ta zauna a kan dakalin baranda, inda ba a zama, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ta riƙe tun safe. Na tsaya a kanta kamar gunki. Ban taɓa ƙin kaina irin na lokacin ba. Da ta share ido sai ta ce, "Ka ce kullum ana buga abin da aka yi a takarda, ko? Gobe ka kawo mini tawa." Na ce to. Na tare mata mota, ta ce wa direban ya bi da ita ta hanyar tasha.

Rediyo bai taimake ni ba, bai kuma tona ni ba. Jawaban ban kwana kawai aka yi ta sakawa. Washegari ƙarfe goma kundin zaman ya fito daga ɗakin buga takardu da ɗuminsa. Na ɗauki ɗaya na tsaya a lungu na buɗe. Godiya ta ci shafi talatin da ɗaya. A ƙarƙashin abu na goma sha ɗaya layi uku ne: ƙarfe biyar da minti talatin da biyar wata mata a benen baƙi ta ta da hayaniya, an fitar da baƙi, an dakatar da zama, ba a kammala karanta rahoton ba, ya faɗi da ƙarewar wa'adi.

Na yi ta shawara da kaina a hanya. Yaya ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni. Na ji abin da ke cikin rahoton sau da yawa a bakin tsohon, zan iya buɗe kowane shafi in karanto mata shi da ka, in ninke takardar in ce ta ofis ce sai na mayar. Daga baya in nemi ɗanta mu san yadda za mu yi. Har na tsara kalmomin da zan fara da su.

Tun daga bakin layi na ga takalma. Sun cika ƙofar ɗakinta sun gangaro har tsakar gida, na mata, na maza, silifa da masu igiya. Na yi sallama na ɗaga labule. An fitar da gado, an shimfiɗa tabarmi bango zuwa bango. Ga mai gyaran keke da ya rasa ƙanensa. Ga matar mai burodi da ta rasa 'ya'ya biyu. Ga Malama, shugabar makarantar 'yan mata mai ritaya, wadda 'yarta tilo ke cikin taragon gaba. Mutanen da shekara bakwai ba su taka gidan nan ba. Ashe tun jiya Yaya ta bi su gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa. Sun zauna a takure, ba mai kallon wani, wasu kunya ta riga ta fara kama su tun ba su ji komai ba.

"Ga shi nan," in ji Yaya. "Ƙanina ne, a can yake aiki. Shigo, Auta. Ka kawo?"

"Na kawo." Na tsugunna a bakin ƙofa, na buɗe tsakiyar kundin da sauri. "Bari in karanta muku."

"A'a," ta ce. "Kai ɗan gida ne, gobe wani zai ce ka ƙara gishiri. Ba Malama. Ita ta rasa 'yarta, ita za ta karanta da bakinta kowa ya ji."

"Yaya, rubutun majalisa ne, yana da wuyar…"

"Shekara talatin tana koyarwa, rubutu ne zai gagare ta? Miƙa mata."

Malama ta ciro tabarau daga jaka, ta hura, ta goge, ta sa. Ta miƙo hannu ta saman kawunan mutane. Yaya ta gyara zama, ta ɗaga kai tana duban baƙinta ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a sake yadda na san ta tun ina yaro.

Na miƙa. Malama ta tambaye ni wane shafi ne, na ce talatin da biyu.